Hannun da Ke Juya Kaskon Inna

Mombasa, 4 ga Agusta, 1986

Bhabhi Jasumati,

Jai Shri Krishna. Ina taɓa ƙafafun Inna daga nan. Ki gaishe mini da mijinki, Yaya Dhiraj, ki ce masa ƙanwarsa tana nan da ranta, tunda shi alƙalami ya yi masa nauyi. Mu lafiya muke. Maigidana Harshad yana fama da ciwon bayansa, amma bai hana shi zaman shago da surutu ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Matan haikalinmu sun raba aikin bikin Diwali, kowa da abin da za ta dafa a jera a gaban abin bautarmu Thakorji washegarin biki. Ni alawar mohanthal aka ɗora mini, tire biyu. Ni na jawo wa kaina. Duk shekara idan gwangwanin mohanthal ɗin Inna ya iso sai in bi su gida gida ina rabawa, ina cika baki cewa duk Junagadh babu mai hannun uwata. Shi ne Pravinaben, wadda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, ta dube ni a gaban kowa ta ce, "To, 'yar mai hannu, bana sai mu ga naki." Na ce to. Yaya zan yi in gaya musu ban taɓa riƙe muciya a gidanmu ba?

Don haka ki zaunar da Inna, ki rubuto mini yadda take yi, daga bakinta. Kada ki ce mini "ɗan kaɗan" ko "yadda ido ya gani". Aikina haɗa magani ne a asibiti, da ma'auni na saba.

Sannan wasiƙunki biyu na baya babu layin da Inna ta saba sa mini a ƙasa. Ki riƙa miƙa mata takardar kafin ki liƙe, ba wani aiki ba ne.

Taki,
Kokila

Junagadh, 19 ga Agusta

Kokilaben,

Jai Shri Krishna. Inna tana nan. Yayanki lafiya. An samu ruwa bana.

Ɓarzajjen garin waken chana kilo ɗaya. Man shanu giram ɗari bakwai, sukari ɗari takwas. Yayanki ne ya auna a sikelin shago.

Ki ɗumama madara kofi ɗaya da man shanu cokali huɗu, ki yayyafa a garin, ki murza da tafin hannu, ki danne, ki rufe rabin awa. Ki tankaɗe. Ki soya a man shanu, wuta kaɗan, kada hannu ya tsaya, sai ya yi ja. Ruwan sukari ya yi kauri har ya ja zare ɗaya da rabi tsakanin yatsu. Ki haɗa, ki sa kayan ƙamshi, elchi da za'afaran, ki juye a tire. Sai gobe a yanka.

Bana kada ki jira gwangwani. Hannun da ke yi ya gaji.

Jasumati

Mombasa, 6 ga Satumba

Bhabhi,

Jai Shri Krishna. Ina gaida Inna. Lafiyarmu lau, in kina son sani.

Na ga takardarki, in takarda za a kira ta. Layi goma, rubutu a karkace kamar kaza ta bi ta kai. Shekara ashirin da biyu kina gidanmu, na san rubutunki sarai, kuma na san na wanda aka tilasta wa abin da ba ya so.

Sau biyu na yi. Na bi ma'auninki giram da giram. Na farko ya fito da santsi yana manne wa dasashi, Harshad ya ci ɗaya ya tambaye ni ko maganin tari na haɗa. Na biyu na ƙara wa sukarin wuta, ya daskare, sai da na sa guduma. Babu tsakin nan na mohanthal ɗin Inna, wanda ke wargajewa a harshe ƙwaya ƙwaya. Kin rage wani abu, Bhabhi. Ni ba yarinya ba ce. Wanda ya rubuta magani ya cire abu ɗaya, ina ganewa.

Kuma ban yarda daga bakin Inna wannan ya fito ba. Inna ba ta taɓa yin magana layi goma ba, ko ruwa ta aike ki ɗebowa sai ta haɗa miki da labarin rijiyar.

Me kike tsoro? Kada 'yar gida ta iya abin gidansu? Tun ina 'yar shekara goma nake laɓewa a ƙofar kicin ɗin nan, Inna tana korata, "Koki, fita, je ki ɗauki littafinki." Ke kuwa kina shigowa, lallen aurenki bai goge ba, ta miƙa miki muciya. Ta bar miki kaskon tagulla, ta bar miki mabuɗan ɗakin ajiya. Ban ce komai ba. Yau abu ɗaya na roƙa, a takarda, kin yi mini rowa.

Sai maganar gwangwani. "Hannun da ke yi ya gaji." Wa ya gajiyar da shi? Tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, in da ana taya ta aikin gida, juyin kasko ɗaya a shekara ba zai gagare ta ba. Ko kuwa ke ce kika ga man shanun ya yi yawa a kan wadda ke ƙetare? Wannan gwangwanin shi kaɗai ya rage mini da uwata. In na buɗe shi ƙamshin gidanmu nake ji. Ba ki da ikon yanke shi.

Ki karanta wa Inna wannan wasiƙar gaba ɗaya, kada ki tsallake layi. Ina jiran amsarta, da hannunta.

Kokila

Junagadh, 21 ga Satumba

Kokilaben,

Jai Shri Krishna. Kwana uku nake rubuta wannan, don da hannun hagu nake yi. Na dama yana cikin ɗori tun watan Yuli. Kazar da ta bi ta kan takardarki ke nan.

Kin ce in karanta wa Inna. Na karanta mata, ban tsallake layi ba, har wurin da kika kira ni marowaciya. Ta saurara tana murmushi. Da na gama ta ce, "Baiwar Allah, yaushe jirgin ƙasan Veraval zai zo? Babana yana jirana." Amsarta ke nan. Babanta ya rasu kafin a haife ki.

Yayanki ya hana a gaya miki. Ya ce kina nesa, kina da aiki mai nauyi, kada a tayar miki da hankali. Shekara shida ina bin umarninsa, yau na gaji da shi da ke baki ɗaya. Diwalin shekara shida da suka wuce Inna ta juye gishiri kilo guda a ruwan sukari, ta tsaya tana kallon tukunyar ba ta san me ta zo yi ba. Tun daga ranar ni nake yi. Gwangwani shida da kika bi gidajen Mombasa da su kina cewa hannun uwarki, hannun matar yayanki ne. Layin da ke ƙasan wasiƙa, "Koki, ki riƙa cin abinci," ni nake riƙe yatsunta muna jan alƙalamin tare. Bana yatsun sun ƙi riƙewa.

Kin tambaya wa ya gajiyar da hannun. Inna ta zame a wurin wanka, na tare ta, muka faɗi tare, ita a kaina. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, ni nake wanke abin da ba zan rubuta a takarda ba. Ke kina can kina auna giram. Shekara bakwai ba ki tako Junagadh ba. Da kin zo sau ɗaya, da babu wanda ya isa ya ɓoye miki komai.

Mabuɗan da suka tsaya miki a rai, zo ki karɓa. A ƙuguna suke kwana, sun yi mini kanta. Ni ma aji tara na kai, malaminmu na lissafi har gida ya zo ya ce a bar ni in ci gaba. Na shigo gidanku da littattafaina a ƙasan akwati, suna nan har yau inda na sa su. Ke aka ce fita ki yi karatu, ni aka ce shigo ki riƙe muciya, kuma wai ke ce aka cuta.

Yanzu ga abin da na "rage". Ban rage komai ba. Ba ki tankaɗe ba, ko? Na san ki. Kin sayo garin kanti mai laushi a leda, kin ce ai mai tsabta ne, me za a tankaɗe. Rariyar ba don datti ba ce. Bayan garin ya sha madara ya huta, dunƙulewa yake yi, sai a murza shi ta cikin rariya mai manyan idanu, da ƙarfi, ya zubo ƙwaya ƙwaya. Tsakin da kike nema a nan ake haifarsa. Kowace yarinya a unguwar nan ta san wannan, shi ya sa ban yi dogon bayani ba. Na manta ke ba a kicin kika tashi ba.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni yaga wasiƙarki. Tsawon shekara Inna ba ta san sunana ba, "baiwar Allah" take ce mini. Amma ranar da garin ya fara ja a man shanu, ƙamshin ya cika gida, sai ta tashi da kanta ta zo ƙofar kicin. Idonta ya washe. Ta ce, "Jasu, rage wuta, so kike ki ƙona mini?" Ta san ni, ta san yayanki, ta tambaya ko Koki tana karatu. Wajen awa guda muke samunta, sai ta koma. Sau ɗaya a shekara.

Bana babu mai juyawa. Juyin nan minti arba'in ne hannu bai tsaya ba. 'Yata Bhavna tana Rajkot da tsohon ciki. Yayanki ya gwada ranar Lahadi, cikin minti goma ya ƙona rabin kilo, ƙauri kawai Inna ta ji ta yi ta tari. Ke gwangwani kika rasa. Mu awar nan muka rasa.

Jasumati

Mombasa, 5 ga Oktoba

Bhabhi,

Jai Shri Krishna. Yaya hannun?

Shekara shida! Kuka zauna ku biyu kuka yanke cewa ni ba zan iya ɗaukar labarin uwata ba. Ni da nake ganin masu irin ciwonta kullum a asibiti, ni da na san magungunan da da an fara da wuri wataƙila da sun rage mata gudu. Kuka mayar da ni 'yar kallo. Ina sumbatar layi a ƙasan takarda ashe yatsunki nake sumbata. Ki gaya wa Yaya Dhiraj ban yafe masa ba, kuma kada ya rubuto, tunda bai iya ba sai ɓoyo.

Ke ma ba ki fita ba. Kina da baki a kaina yanzu, ina bakin yake shekara shida? Kin ji daɗin riƙe abin, kina kallona ina rawar banza daga nesa, kina tara mini laifi ba tare da na san ana tarawa ba.

Maganar rowa na janye ta. Ita kaɗai.

Na kai chana aka ɓarza mini, na murza ta rariya. Tsakin ya fito. Na zauna a ƙasan kicin ina kallonsa, ban san lokacin da na fara kuka ba. Amma ɗanɗanon ba shi ba ne, ko dai na sauke da wuri ko na wuce, ban san jan da kike nufi ba. Ja kala nawa ne a duniya?

Zuwa kuwa, ba a tashi haka kawai. Mu biyu ne a ɗakin magani, ɗayar tana hutun haihuwa. Ga tire biyu da na yi alkawari a gaban mutane. Ba zan hau jirgi don kin ɗaga mini murya a takarda ba.

Kokila

Junagadh, 17 ga Oktoba

Kokilaben,

Jai Shri Krishna. An kwance ɗorin, amma hannun ko kofin shayi ba ya ɗagawa. Likita ya ce sai a hankali.

Inna ta rage ci. Cokali uku, huɗu, sai ta rufe baki ta juya kai. Likita ya duba ta, ya fito tsakar gida ya ce da yayanki duk mai son ganinta ya gani. Ban ɓoye miki ba, ga shi na faɗa, kada gobe ki ce an yanke miki hukunci.

Jan da kike tambaya ba ya shiga takarda. Na kai chana injin Ramnikbhai, garin yana nan a rufe. Kwana biyu kafin Diwali zan ɗora kasko ko da hagu ne, in ya ƙone ya ƙone.

Ba roƙonki nake ba. Ki gaida Pravinaben da tirenta biyu.

Jasumati

Mombasa, 23 ga Nuwamba

Bhabhi,

Jai Shri Krishna. Na dawo Mombasa lafiya. Ina taɓa ƙafafun Inna. Kin ce a waya ta koma cokali shida, ki ci gaba da matsa mata. Ki riƙa murza hannunki da man da na bar miki safe da yamma, ba sai kin ga dama ba. Pravinaben ta sayo mohanthal na kanti ta jera a madadina, har yau tana ba da labari. Ta yi ta yi.

Kwana goma sha biyu na yi a gidanmu na Junagadh, mun yi faɗa a goma sha ɗaya. Har yanzu ina nan a kan bakana, ba ku kyauta mini ba. Amma akwai abin da na taho da shi wanda ba nawa ba ne, na kasa ba ki a ido, ko a tashar jirgi da kika riƙe mini jaka na buɗe baki na rufe.

Kin tuna ranar. Ina juyi kina tsaye a kaina kina masifa, "Daga ƙasa, Kokilaben, daga ƙasa, ba fanka kike wa kaskon ba!" Kafaɗata kamar za ta cire. Sai ƙamshin ya tashi, muka ji takun ƙafa, ga Inna a ƙofa ta dafa bango. Shekara bakwai ina tanadin wannan kallon. Ta dube ni da muciya a hannu, ta dube ki hannu sake. Ta zo ta shafa kanki ta ce, "Koki, me kike yi a nan? Fita, je ki ɗauki littafinki." Kika buɗe baki za ki gyara mata, na girgiza miki kai, kika fita. Ta juyo kaina ta ce, "Jasu, rage wuta."

Ba ta san ni ba, Bhabhi. Har na taho ba ta san ni ba. Na so in jefar da muciyar in yi ihu in ce ni ce, ni ce Koki, na ƙetaro teku. Amma hannu ba ya tsayawa, ke kika ce.

Ga abin da ba ki gani ba. Ta tsaya a bayana ta ɗora hannunta a kan nawa muna juyawa tare. Ta ce in daina kallon kaskon, in saurara, idan man ya daina ƙara ya fara fitowa a gefe, an kusa. Ta ɗebo kaɗan ta kai kusa da tsohuwar ƙofar ɗakin ajiya ta ce, "Sai ya yi kalar wannan." Jan ke nan. Shekara talatin ina jiran darasin nan, na same shi da sunanki.

Da muka juye a tire ta ce, "Na tsakiya na Koki ne, ba ta cin gefe." Sannan ta ja hannun rigarta ta nuna mini tabon ƙuna, tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ta rage murya ta ce, "Kada ki bari ta koya. Duk wadda ta iya kaskon nan ba ta ƙara fita daga ɗakin nan. Surukata ta miƙa mini, ban sake ganin waje ba. Na rantse tawa ba za ta riƙe ba."

Ta daddanna saman tiren da bayan cokali. Sai ta ce, "Amma dole wani ya riƙe. Ke na samu. Na ga littattafan a akwatinki ranar da kika zo, na yi kamar ban gani ba. Na cuce ki, Jasu. Ki yafe mini."

Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana jiran amsa. Ban amsa ba. Ba ni aka roƙa ba, ba ni da ikon yafewa. Na tsaya kamar gunki har idonta ya koma, ta tambaye ni jirgin Veraval. Da na leƙo tsakar gida na gan ki zaune a kan lilo, jarida a cinyarki a juye, kin ce hayaƙi ne ya shiga miki ido. A tsakar gida.

Sati uku ke nan ina ɗauke da maganar, kuma ina jin haushinta. Ina jin haushi ta cece ni ta ba da ke a madadina, ba ta tambayi ko ɗayanmu ba. Ina jin haushi ranar da ta dawo hayyacinta awa ɗaya, ba ni ta nema da gafara ba. Amma naki ne, ga shi na kawo miki, kalma da kalma, ban rage giram ɗaya ba.

Na nemi hutun wata uku daga Janairu, sun ba ni biyu. Zan karɓi wankan da ciyarwar. Mabuɗan ma ki cire su daga ƙugu ki ajiye mini. Ki buɗe akwatin nan ki ga abin da gara ta rage.

Amsar Inna kuwa tana wurinki. In za ki ba ta, ki sa Yaya Dhiraj ya kai chana injin Ramnikbhai, ina zuwa zan juya. Wannan karon ki tsaya kusa da kaskon, ki ɗora hannu a kan muciyar, don ta san wa take tambaya.

Ƙanwarki,
Kokila